Kwarkwata a kan yarinya mai kitso: Yadda ake gane ta da yadda ake magance ta ba tare da haɗari ba

Sau da yawa uwa ba ta sanin 'yarta ta ɗauko kwarkwata sai ranar tsifa. Yarinya za ta kwashe mako biyu ko uku tana susa, ana cewa zafin sabon kitso ne, ko gumi, ko amosani. Sai an zaunar da ita an fara warware kitson sannan a ga ƙwai jere a gindin gashi, ta bayan kunnuwa da ƙeya.

A wannan lokacin ne iyaye da dama ke yin kuskure. Kunya da gaggawa kan sa a ɗauko abin da ke kusa, kamar kananzir ko maganin kashe ƙwari, a shafa wa yarinya a ka. Kwarkwatar kai ba ta kisa, kuma ba a san ta da yaɗa wata cuta ba. Amma wasu daga cikin abubuwan da ake shafawa domin kashe ta suna iya ƙona fata, har su yi ajalin yaro. Saboda haka ya dace a san halin wannan ƙwaro, da hanyar da ta dace da gashin da ake kitsewa.

Mece ce kwarkwata?

Kwarkwatar kai ƙaramin ƙwaro ne da bai wuce ƙwayar riɗi girma ba, tsawonsa milimita 2 zuwa 3. Tana da ƙafafu shida, kowace da ɗan ƙugiya da take riƙe silin gashi da shi. Ba ta da fuka-fuki, ba ta tashi, kuma ba ta tsalle. Rarrafe kawai take yi. Abincinta jinin mutum ne, tana tsotsa daga fatar kai sau da dama a rana.

Macen kwarkwata na rayuwa kimanin kwana 30 a kan mutum, kuma tana yin ƙwai kusan shida zuwa takwas kullum. Tana manna kowane ƙwai a jikin silin gashi da wani irin danƙo da ruwa ba ya wanke shi, galibi dab da fatar kai inda ɗumi yake. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10, ƙaramar da ta fito kuma tana balaga ta fara nata ƙwan bayan wasu kwanaki 9 zuwa 12.

Waɗannan kwanakin su ne ginshiƙin maganin baki ɗaya. Mafi yawan magunguna suna kashe kwarkwatar da ke yawo, amma ba sa kashe dukkan ƙwan. Idan aka yi magani sau ɗaya aka tsaya, ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe, a koma gidan jiya.

Ƙaiƙayin kuwa yana zuwa ne daga yadda fata ke ƙin yawun da kwarkwata ke zubawa yayin tsotson jini. Ga yaron da bai taɓa kamuwa ba, ƙaiƙayin kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya bayyana. Ke nan rashin susa ba hujja ba ce ta cewa kai lafiya lau yake.

Yadda ake ɗaukarta

Babbar hanyar ita ce haɗuwar kai da kai: yara masu haɗa kawuna a kan littafi ko allo, masu kwana a katifa ɗaya, masu wasa a jingine da juna. Shi ya sa ta fi yawa a tsakanin yara 'yan shekara 3 zuwa 11, da kuma wuraren da yara ke cunkoso kamar ajin firamare, Islamiyya da ɗakin kwanan makarantar kwana. Ana iya ɗauka ta hanyar aron mataji, ɗankwali, hijabi, hula ko matashin kai, ko da yake wannan bai kai haɗuwar kai yawa ba, domin kwarkwatar da ta bar kan mutum tana mutuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Kamuwa da ita ba alamar ƙazanta ba ce, ba kuma ta talauci ba. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana samun kamuwa miliyan 6 zuwa 12 a kowace shekara a tsakanin yaran ƙasar masu shekara 3 zuwa 11. Haka nan kaji, awaki, kyanwa ko kare ba sa ɗaukar kwarkwatar mutum, ba sa kuma ba shi.

Abin da ya sa kitso ke ɓoye ta

Kitso na da amfani ta fuska ɗaya: gashin da aka kame bai cika shafar kan wani ba kamar wanda aka sake. Amma da zarar kwarkwata ta shiga, kitson ya zama mata mafaka. Shuku, zane ko ƙananan kalaba sukan yi mako uku zuwa wata guda a kan yarinya ba a taje ba, wanda ya ishi ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya girma, ya sake yin wani ƙwan. Ƙasan layin kitso kuma wuri ne mai ɗumi da duhu da ido ba ya kaiwa, mataji ba ya shiga, sabulu ma ba ya ratsawa sosai.

Idan kuma an yi ƙarin gashi ko an saka ulu da duwatsun ado, wuraren ɓuya sun ƙaru. Kwarkwata ba ta cin gashin roba, amma tana bi ta cikinsa, ta dawo fatar kai ta sha jini.

Yadda ake tabbatarwa

Kafin a sayi magani, a tabbatar kwarkwata ce. A zaunar da yarinya a waje da rana ko a ƙarƙashin fitila mai haske sosai. A duba tsagar da ke tsakanin layukan kitso, a warware biyu ko uku na ƙeya da na bayan kunnuwa, domin nan ta fi taruwa.

Ƙwan da ke da rai launinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, yana manne dab da fata. Ɓawon da aka riga aka fita daga cikinsa fari ne, kuma yakan yi nisa da fatar yayin da gashi ke tsiro. Bambancinsa da amosani ko busasshen man kitso shi ne, amosani na kakkaɓewa da an hura ko an taɓa, ƙwan kwarkwata kuwa sai an ja shi da farce tun daga gindi har ƙarshen silin.

Tabbataccen shaida shi ne ganin kwarkwata mai rai tana motsi. Idan ɓawo kawai aka gani nesa da fata, mai yiwuwa tsohon kamu ne da ya riga ya wuce, sai a ci gaba da dubawa. Idan kuwa abin da ake gani zagayayyen tabo ne mai ɓarɓashi da karyewar gashi, wannan ya fi kama da makero, wanda maganinsa daban ne kuma sai an ga likita.

Dole ne a tsefe kitson

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ko za a iya magani ba tare da an tsefe ba, musamman idan kitson sabo ne, an kashe masa kuɗi da lokaci, kamar na Sallah ko na komawa makaranta. Amsar ita ce a tsefe. Magani ba ya aiki sai ya jiƙa kowane silin gashi tun daga gindi, kuma ba a iya cire ƙwai sai mataji ya bi ta kansa. Kitso na hana duka biyun.

A yi tsifar a kan farin zani ko leda da aka shimfiɗa, a ɗora wa yarinya tawul a kafaɗa. A fara daga ƙeya zuwa gaba, a riƙa shafa ɗan mai ko ruwa domin kada gashi ya karye. Ƙarin gashin da aka cire a ƙulle shi a leda a zubar. Idan mai tsada ne da ake son sake amfani da shi, a rufe shi ruf a leda har mako biyu. Duwatsun ado, ribom da matsefi a jiƙa su cikin ruwan zafi.

Aske kai yana kawar da kwarkwata, kuma ga yaro namiji da ya saba aski abu ne mai sauƙi. Amma ga yarinya ba wajibi ba ne, kuma yakan jawo mata tsokana da baƙin ciki a cikin ƙawayenta. Gashi mai cika da murɗewa ma yana warkewa sarai idan an bi matakan da haƙuri.

Hanya ta farko: taza da jiƙaƙƙen gashi

Wannan hanya ba ta buƙatar wani sinadari, don haka ita ce ta fi dacewa da jarirai, da yara masu ƙuraje a ka, da uwa mai ciki ko mai shayarwa. Abin da ake buƙata shi ne mataji mai manyan haƙora, da matajin kwarkwata mai haƙora matsattsu ƙwarai, wanda na ƙarfe ya fi ƙarko, da man laushin gashi da ake kira kandishina, da farin ƙyalle.

A wanke kai da shamfu, a ɗauraye, sannan a lafta man laushin har gashi ya yi santsi. Santsin na rage wa kwarkwata gudu, yana kuma sa mataji ya wuce ba tare da yarinya ta sha wahala ba. A fara warware gashin da babban mataji daga baki zuwa gindi har ya daina sarƙewa. Kada a taɓa sa ƙaramin mataji a gashin da bai warware ba, domin zai tsinke shi.

Daga nan a raba kan gida shida ko takwas, a ɗaure kowane. A ɗauki gida ɗaya, a riƙa tsaga shi siriri-siriri, a sa matajin ya taɓa fatar kai, a ja shi a hankali har ƙarshen gashi. Bayan kowane ja a goge matajin a farin ƙyalle a duba abin da ya fito. A maimaita a kowace tsaga sau uku ko huɗu, har a daina ganin komai. Gashi mai yawa na iya cin sa'a ɗaya ko fiye, don haka a zaɓi lokacin da yarinya ta ci abinci ta huta, a ba ta abin da zai ɗauke mata hankali.

Hukumar lafiya ta Birtaniya na ba da shawarar a yi wannan tazar a rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, sannan a sake dubawa a rana ta 17. Hikimar tazarar ita ce a kama kowace ƙaramar da ta ƙyanƙyashe kafin ta kai ga yin ƙwai. Tsallake rana ɗaya na iya ɓata aikin gaba ɗaya.

Hanya ta biyu: maganin shafawa

A sayi magani a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa, a kuma faɗa wa masanin magunguna shekarun yarinyar.

Wanda aka fi sani shi ne fametirin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wanda a jikin kwalinsa za a ga an rubuta permethrin. Ana amfani da shi ga yaro daga wata biyu zuwa sama. A fara wanke kai da shamfu marar man laushi, domin a fitar da basilin, man kaɗanya ko man kitso da suka taru, saboda maiƙo na hana maganin kama gashi. A tsane da tawul, a shafa maganin gida-gida har ya jiƙa fata da gashi, a bar shi minti 10, a ɗauraye. Kada a sake wanke kan sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu. A maimaita a rana ta 9 ko ta 10.

Akwai kuma daimetikon mai kashi 4 cikin 100, wanda ake rubutawa dimeticone. Shi ba guba ba ne. Yana lulluɓe kwarkwata ne ya toshe ƙofofin numfashinta. Ana shafa shi a busasshen gashi, a bar shi sa'a takwas ko ya kwana, a maimaita bayan kwana bakwai. Malatiyon, wato malathion mai kashi 0.5 cikin 100, shi ma yana kwana a ka, kuma nau'insa da aka haɗa da barasar magani yana kama wuta nan take. Ƙwayar aibamektin, wato ivermectin da ake rabawa domin cutar makantar bakin rafi, sai likita ya rubuta, kuma ba a ba yaron da nauyinsa bai kai kilo 15 ba ko mace mai ciki.

Gashi mai cika na shan magani fiye da yadda ake zato, kuma ƙarancin abin da aka shafa na daga cikin manyan dalilan da ke sa magani ya gaza. A kare idanu da ƙyalle, a ɗauraye kan a cikin roba yarinya ta sunkuya, ba a wajen wanka ba, domin kada ruwan maganin ya bi sauran jiki. Muddin akwai magani ko mai a ka, a nisantar da ita daga murhu, risho, kyandir, kaskon turaren wuta da injin busar da gashi.

Bayan sa'a 8 zuwa 12 a duba. Idan kwarkwatar ta mutu ko tana motsi da ƙyar, maganin na aiki, sai a taje a fitar da su. Idan kuwa suna gudu kamar ba a sa komai ba, mai yiwuwa sun saba da wannan maganin, abin da ke faruwa da fametirin a ƙasashe da yawa. Kada a ninka shi ko a haɗa shi da wani; a koma wurin likita ko masanin magunguna a canja.

Yaushe za a sake kitso?

Tsakanin zagayen magani ba sai an bar gashi a barbaje ba. A yi manyan kalaba huɗu zuwa shida, sako-sako, waɗanda za a iya warwarewa cikin 'yan mintuna a ranar taza. Kitso mai daɗewa, da ƙarin gashi, su jira har a kammala zagaye na biyu, a kuma duba a ga babu mai rai, wato kimanin mako biyu da rabi. Haka nan man miƙar da gashi ba maganin kwarkwata ba ne, kuma idan ya haɗu da fatar da susa ta ɗaye yana ƙona ta.

Abubuwan da ba a sa wa yaro a ka

Kananzir da fetur na ƙona fata, tururinsu na cutar da huhu, kuma tartsatsi ɗaya ya isa kan yaro ya kama da wuta. Maganin sauro na fesawa, fiya-fiya, maganin ƙwarin gona da na wankan dabbobi duk guba ne da ke ratsa fata su shiga jini, musamman fatar da ke da rauni.

Mafi haɗari shi ne sinadarin da ake rubutawa dichlorvos, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Sniper domin aikin gona. A shekarar 2019 jaridun ƙasar nan sun ruwaito rasuwar wata matashiya mai yi wa ƙasa hidima a Jihar Osun bayan ta sa irin wannan magani a gashinta domin kashe kwarkwata. A shekarar ce kuma NAFDAC ta sanar da hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna. Haka nan maganin da ke ɗauke da lindane, wanda aka daɗe ana amfani da shi, likitocin yara sun daina ba da shawararsa saboda yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ya jawo jijjiga.

Idan an riga an sa wa yaro irin wannan guba, a cire masa tufafi, a wanke kai da jiki da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankewar ya sa safar hannu ko leda, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Dalalar miyau, gumi, amai, rawar jiki da wahalar numfashi alamu ne na gaggawa. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa manja ko madara.

Man zaitun, man kwakwa da man shanu ba su da irin wannan haɗarin, kuma suna taimaka wa taza. Sai dai ba a dogara da su kaɗai, domin kwarkwata na iya yin sa'o'i cikin mai ba motsi sannan ta farfaɗo, ƙwan kuma ba ya mutuwa.

'Yan gida, kaya da makitsiya

A duba kan kowa a gidan a rana ɗaya, a yi wa duk wanda aka samu da ita magani tare, haɗe da wanda ke kwana a shimfiɗa ɗaya da yarinyar. Kayan da suka taɓa kanta cikin kwana biyu kafin magani, kamar rigar matashi, zanen gado, ɗankwali, hijabi da tawul, a wanke su da ruwan zafi a goge da dutsen guga. Zafin da ya haura digiri 54 a ma'aunin Salshiyas na kashe kwarkwata da ƙwanta cikin minti biyar. Mataji da kibiya a jiƙa su a ruwan zafi minti 5 zuwa 10. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda mako biyu. Babu buƙatar feshin ɗaki ko ƙona katifa.

Ya kamata a sanar da makitsiya cikin sirri domin ta tsabtace kayanta, kuma yana da kyau kowace yarinya ta riƙa zuwa gidan kitso da matajinta da kibiyarta. Ita ma makitsiyar da ta ga kwarkwata a kan yarinya, uwar za ta keɓe ta faɗa wa, ba ta yi shela a gaban jama'a ba.

Game da makaranta, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana cewa bai kamata a hana yaro zuwa aji saboda kwarkwata ba. Da zarar an fara magani, yarinya za ta iya ci gaba da karatu da gashinta a kame. A sanar da malama domin a duba sauran yara, in ba haka ba za a yi ta warkewa ana sake ɗaukowa.

Lokacin zuwa asibiti

A kai yarinya asibiti idan fatar kai ta yi ƙuraje masu ruwa ko mugunya, ko gashi ya manne yana wari, ko kaluluwa ta fito a wuya tare da zazzaɓi, domin susa kan buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Haka nan idan jaririya ce da ba ta kai wata biyu ba, ko an ga ƙwai a gashin ido, ko an yi zagaye biyu na magani yadda ya kamata amma har yanzu akwai mai rai. Gashin da aka murɗe ya dunƙule wanda ba ya tsefuwa shi ma yana buƙatar shawarar likitan fata, tun da mataji ba zai bi ta cikinsa ba.

Bayan an warke, a mayar da duba kai al'ada: duk ranar tsifa, kafin a kai yarinya gidan kitso, a bi ƙeya da bayan kunnuwa da ƙaramin mataji. A yi haka kuma duk lokacin da ta dawo hutu daga makarantar kwana ko daga gidan 'yan'uwa. Minti goma na dubawa a ranar tsifa ya fi sauƙi a kan mako biyu na magani.